Dakalin da inji ke ginawa: fashin baƙi kan kujerun siminti na firinta 3D

Duk mai yawan kallon bidiyo a waya na san ya taɓa cin karo da shi, wani ƙaton hannun ƙarfe yana ta kewaya waje ɗaya, bakinsa na fitar da kwaɓaɓɓen siminti kamar taliyar murji mai kauri, layi kan layi, kafin ka ankara abu ya tashi ya zama benci ko tebur ko tukunyar fulawa mai wata irin lanƙwasa da ido bai saba gani ba. Wasu in sun gani sai su ce shikenan birkiloli da kafintoci sun shiga uku, wasu kuma su taɓe baki su ce wasan Turawa ne kawai, kuɗi ne ya yi musu yawa. Ni dai a ganina duka biyun sun kauce hanya. Injin nan bai sa siminti ya yi arha ba, bai kuma ƙara masa ƙarfi ba, hasali ma ta wani ɓangaren rauni ya jawo masa. Abu ɗaya tak ya cire daga cikin aikin, wato mazubi, kuma ribarsa da matsalarsa duk daga nan suka fito.

Kankare dai in an kwaɓa shi ba shi da siffar kansa, duk inda ka zuba shi nan zai bi. Shi ya sa kafin a zuba ginshiƙi ko dakin sai kafinta ya zo ya buga katako, shi ya sa mai bulo yake da ƙarfen bugawa, mai intalok kuma yake da robobinsa. In abin da kake so miƙaƙƙe ne mai kusurwa huɗu to ba matsala, katako da ƙusa sun gama maka. Amma ka ce kana son benci da zai lanƙwashe ya zagaye gindin bishiya, bayansa ya ɗan kishingiɗa, gefe ɗaya ya fi ɗaya faɗi, a nan ne kafinta zai dube ka ya yi dariya, don haɗa mazubin wannan abu kaɗai zai iya cin kuɗi da lokaci fiye da simintin da za a zuba a ciki, kuma in an gama ba inda za a sake amfani da shi sai dai a yi itacen girki. Mai sana'a ba zai yi mazubi mai tsada ba sai ya san zai buga ɗari ko dubu da shi ya mayar da kuɗinsa. Dalilin kenan da ya sa bencinan siminti na wuraren shaƙatawa da makarantu kusan duk kamarsu ɗaya, kamar uwa ɗaya uba ɗaya.

To firinta ba ruwanta da wannan lissafin. A wajenta benci miƙaƙƙe da benci mai kama da macijin da ya naɗe duk ɗaya ne, hanya ce kawai da bakin injin zai bi. Ka buga guda goma kowanne da fasalinsa, ko ka buga goma iri ɗaya, aikin injin bai canza ba, zane kawai za a sauya a kwamfuta.

Ita kanta kalmar firinta tana ɗan ruɗar mutane, don ba tawada ba takarda. Wanda ya taɓa ganin ana ginin rumbu a ƙauye ya riga ya san rabin labarin: magini ya mulmula ƙasa ya ɗora zagaye ɗaya, ya ɗora na biyu, in ya kai wani tsayi ya dakata ta ɗan sha iska don kar ta zube, gobe ya dawo ya ci gaba. Masu ginin tukwane da hannu ma haka suke tada tulu, irin aikin da Ladi Kwali ta shahara da shi har hotonta ya hau naira ashirin. Bambancin kawai shi inji hannunsa ba ya rawa, ba ya gajiya, kuma ba ya jira sai gobe.

Yadda aikin yake tafiya shi ne, mai zane zai zana kujerar a kwamfuta, yawancinsu da manhajar Rhino da Grasshopper suke aiki, sai a yanyanka zanen a kwance falle-falle kamar ana yanka burodi, kowane falle ya zama layi guda da injin zai bi. A kayan ɗaki kaurin layin yakan kama daga rabin santimita zuwa santimita biyu, faɗinsa kuma kamar yatsa biyu ko uku. Can gefe akwai injin kwaɓi, akwai famfo mai tura kwaɓin ta cikin tiyo har zuwa bakin. Abin da ke ɗauke da bakin kuma iri biyu ne, ko dai wani firam na ƙarfe mai ƙafafu da ke tafiya gaba da baya, hagu da dama, sama da ƙasa, irin wanda kamfanin COBOD na Denmark ke ƙerawa don gina gidaje, ko kuma hannun mutum-mutumi mai gaɓoɓi shida irin na KUKA ko ABB da ake haɗa motoci da su a masana'anta. Masu kujeru sun fi son hannun, don yana iya karkata baki ya bi lanƙwasa.

Abin fa ba jiya aka fara ba. Tun ƙarshen shekarun 1990 wani farfesa ɗan asalin Iran a Jami'ar Kudancin Kalifoniya, Behrokh Khoshnevis, ya fito da dabarar da ya kira Contour Crafting, shi burinsa gidaje ne. A Italiya kuma Enrico Dini ya bi wata hanya daban da injinsa D-Shape, shi shimfiɗa yashi yake yi sai inji ya ɗiga ruwan da zai kama yashin a daidai inda ake so, a sake shimfiɗa wani, in an gama a tone abin daga cikin yashin kamar ana haƙo rogo. Da wannan dabarar aka yi gadar masu tafiya a ƙasa mai tsawon mita 12 a Alcobendas kusa da Madrid a ƙarshen 2016. Amma abin da ya fi jan hankalina shi ne, cikin abubuwan farko da masana suka buga don nuna wa duniya cewa lamarin zai yiwu har da benci. A Jami'ar Loughborough ta Ingila ne, suka sa masa suna Wonder Bench, tsawonsa mita 2, layi 128 kowanne milimita 6, nauyinsa wajen tan guda, kuma ya ci kusan awa 42 ana bugawa. Yau kujera mai irin wannan girman a cikin 'yan awoyi ake tada ta.

Yanzu mu zo inda gizo ke saƙa, wato kwaɓin. Mutane injin suke kallo suna mamaki alhali injin shi ne mai sauƙin, kowa da kuɗinsa zai saya. Kwaɓin ne ke hana injiniyoyi barci, saboda ana neman abu biyu masu karo da juna daga wajensa a lokaci guda. A cikin tiyo ana so ya yi laushi ya gudana kar ya toshe famfo, amma da ya fito daga baki ana so nan take ya tsaya da ƙafarsa, kar ya baje, kuma ya ɗauki nauyin layin da zai hau kansa bayan minti ɗaya ko biyu, da wanda zai hau kan wancan, da na gaba, har sama. In ya yi ruwa, kana cikin kallo kujerar za ta yi ciki daga ƙasa ta sulale ta zauna, aikin awa biyu ya koma tarin kwaɓi sai a kawo shebur. In ya yi tauri da wuri, ko dai layin ya dinga tsinkewa yana yagewa, ko ya daskare a cikin tiyo, wannan kuma ranar an tashi aiki.

Shi ya sa gaskiya abin da ake bugawa bai cika kankare irin wanda muka sani ba. Babu manyan tsakuwa a ciki don ba za su wuce ta bakin ba, yashi ne mai laushi wanda ƙwayarsa ba ta cika wuce milimita 2 zuwa 4 ba, da siminti mai yawa, da wasu sinadarai, wani yana sa kwaɓi ya yi santsi ba tare da an ƙara ruwa ba, wani yana riƙe shi kar ruwa ya rabu da yashi, ga kuma 'yan gajerun zaruruwa na roba ko na gilashi da ake barbaɗawa don rage tsagewa. Ya fi kusa da kwaɓin filasta mai ƙarfi. Masu ƙwarewa a harkar kuma sun samo wata dabara, su bar kwaɓin da ruwa-ruwansa har sinadarin da zai jinkirta kamawarsa suke sa masa, sai ya iso daidai bakin injin sannan a ɗura masa wani sinadarin mai sa shi kamawa nan da nan, a gauraya su a nan cikin kan injin. Da irin wannan ne ake iya yin kujerar da bayanta ya fito waje ba abin da ya tokare shi daga ƙasa, kowane layi yana ɗan gocewa daga na ƙarƙashinsa kaɗan-kaɗan. Amma akwai iyaka, ba a buga abu a kan iska, shimfiɗaɗɗen saman tebur ba zai bugu a sarari ba, dole a buga shi daban a kwance ko a zuba shi a mazubi ko a kawo katako ko gilashi a ɗora.

Sai batun tazara tsakanin layi da layi. In ka ɗora da sauri na ƙasa bai kama ba, a rushe. In ka yi jinkiri fuskar na ƙasa ta bushe, sabon ba zai manne da kyau ba, daga waje ba za ka ga komai ba amma nan ne zai tsage wata rana kuma ta nan ruwa zai shiga. Duk birkila ya san wannan, in an tsayar da zubin dakin an tafi neman siminti an dawo, wajen haɗin nan shi ne ke yoyo da damina. To ka ɗauka kujera guda tana da irin wannan haɗin ɗari ko fiye.

Daga nan matsala ta biyu ke ɓullowa, rodi. Kankare gwani ne wajen ɗaukar nauyin da ke danne shi, amma in ja ne ko lanƙwasa, ƙarfinsa bai fi kashi ɗaya cikin goma na wancan ba, shi ya sa ake sa masa rodi. To ta ina za ka sa rodi a abin da baki ke ta shawagi a kansa? Kowa da tasa dabarar. A bencin Loughborough ramuka suka bari daga sama har ƙasa, bayan ya bushe suka zura sandunan ƙarfe suka ɗaure tamau don su matse layukan. A gadar kekuna ta Gemert a ƙasar Holan, wadda Jami'ar Fasaha ta Eindhoven da kamfanin BAM suka yi a 2017, injin ne da kansa yake sakin siririyar waya cikin layi yana tafiya, sannan aka ƙara ɗaure sassan da wayoyin ƙarfe. Wasu kuma ɓawon kawai suke bugawa su sa rodi a ciki su cika da kankare na gargajiya, kaga kenan sun buga mazubin ne da ba a cirewa. Wadda ta fi burge ni ita ce gadar Striatus da aka kafa a Venice a 2021, aikin masanan jami'ar ETH Zurich da ofishin zanen gine-gine na Zaha Hadid da wasu kamfanoni, su cewa suka yi a bar rodin gaba ɗaya, a tsara siffar yadda kowane sashe danne ɗan'uwansa kawai yake yi, irin hikimar bakan gizo na ginin ƙasa. Masu kujeru da yawa wannan tunanin suke bi, shi ya sa za ka ga kayan nasu duk ƙundume-ƙundume ne masu faɗin gindi, ba za ka ga siraran ƙafafu ba. Ba don ado kawai ba ne, abin da kayan zai iya kenan.

Akwai ma wata 'yar dabara da ba kowa ke lura ba, benci da yawa a tsaye ake buga su a kan gefensu, injin yana ta zana siffar mazauni da majingina yana hawa sama, in ya bushe a kwantar da shi. Shi ya sa layukan suke ratsa bencin daga gaba zuwa baya maimakon su bi tsawonsa. Sai dai irin wannan shi ya fi buƙatar ƙarfen matsewa, don nauyin mai zama yana ƙoƙarin raba layukan ne daidai wajen haɗinsu.

Ni fa a ra'ayina kayan zama da tukwanen fulawa sun fi dacewa da wannan fasaha a kan gidajen da ake ta yayatawa. Gida bangonsa yawanci miƙaƙƙe ne, bulo ya riga ya iya wannan aikin da arha, kuma in firinta ta gama bango saura rufi da ƙofofi da wayarin da famfo, ga dokokin gini da ba su gama sanin abin ba. Dubai ta sa wa kanta burin kashi 25 cikin 100 na sabbin gine-gine su zama na firinta nan da 2030, kamfanin 14Trees ya buga makaranta a Salima ta Malawi a 2021, duk an gani an yaba. Amma kujera a cikin shago ake buga ta, inda ba rana ba iska, in ta lalace asarar kaɗan ce, kuma a kujera ne mutum yake yarda ya biya kuɗin siffa. Wani mai zane a Vienna, Philipp Aduatz, tare da kamfanin incremental3d na Ostiriya sun yi doguwar kujerar kishingiɗa a 2018, daga baya suka fito da wasu da ake sa launi a bakin injin yana tafiya, kala na narkewa cikin kala daga wannan gefe zuwa wancan, abin da ba mazubin da zai ba ka. A 2018 ɗin dai Studio 7.5 na Berlin da XtreeE na Faransa suka yi bencina da layukansu ke shiga juna kamar saƙar kwando, ka rantse kaba ce sai ka taɓa.

To a cikin ɗaki ko a waje, ina suka fi amfani? Mu fara da nauyi. Kankare mita ɗaya tsawo, faɗi da tsayi yana kai kilo 2,400. Benci mai mita 2, faɗi rabin mita, tsayi santimita 45, in cike yake ya haura tan ɗaya, nauyin buhun siminti fiye da ashirin kenan. In firinta ta buga shi da rami a ciki, bango santimita 4 da 'yan tokare, zai sauko wajen kilo 350, ragi ne babba amma har yanzu buhu bakwai ne fa. A filin shaƙatawa ko tashar mota wannan alheri ne, ɓarawo ba zai saɓa ba, iska ba za ta kayar ba, gara ba ta ci, wuta ba ta kamawa, ba ya tsatsa kamar ƙarfe, ba ya ƙonewa a rana ya karye kamar kujerar roba. A falo kuwa uwargida ta ce a matsar mata za ta share ƙasan, sai an nemo majiya ƙarfi, ga tayil da zai iya fashewa, ballantana in bene ne ko gidan haya. Shi ya sa na cikin gida suka fi tsayawa a ƙananan abubuwa, ƙafar tebur, ɗan teburin gefe, mazaunin wanke hannu, tukunyar fulawa, ko kantar karɓar baƙi a otal da ofis inda an kafa an kafa kenan.

Layukan nan ma da ake so don kyau suna da nasu. Ƙura na kwanciya a tsakaninsu, shayi ko manja ya zuba ya shige, siminti kuwa yana sha, dole sai an shafa masa abin toshe ƙofofinsa kuma a riƙa sabuntawa. Kaushinsa na iya jan zaren shadda. Don haka da yawa suna goge daidai wajen zama ya yi sumul su bar layukan a gefe, ko su ɗora katako ko kushin. A ƙasashen sanyi babban abokin gaba ƙanƙara ce, ruwa ya shiga tsakanin layi ya daskare, ya kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, shekara kan shekara yana buɗa tsagar. Shi ya sa ake barin ramin fitar ruwa a ƙasa. A ƙasar zafi irin tamu kuwa duk wanda ya taɓa zama kan dakalin siminti da azahar a watan Afrilu ba sai an yi masa bayani ba, kuma yana riƙe zafin har bayan magariba, sai a inuwa ko a yi shi da launi mai haske.

Zafin ma tun wajen bugawa yake fara ɓarna. Kankaren da aka zuba a mazubi katako ya rufe shi ta ko'ina yana tsare masa ruwa, wannan kuwa tsirara yake tun daga minti na farko, ga siminti da yawa ga bango siriri, in iska ta bushe irin ta hunturu ruwan zai gudu kafin simintin ya gama aikinsa, sai ka wayi gari jikin duk ya yi 'yan tsage-tsage. Dole a lulluɓe da leda a riƙa ba shi ruwa, ƙarfinsa na ƙa'ida kuma sai kwana 28 kamar kowane kankare, wannan firinta ba ta rage ko kwana ɗaya ba. In ka ji an ce an buga kujera cikin awa ɗaya, bugawar ake nufi, ba ranar za a zauna ba. Ga kuma wuta, a ɗauke ana tsakiyar aiki na minti goma kawai, layin ƙarshe ya bushe, tiyo ya fara kamawa.

Masu talla suna yawan cewa abin yana kare muhalli, a nan sai an yi hattara. Gaskiya ne ba a ɓarnar katako, gaskiya ne ana sa kaya daidai inda ake buƙata kawai. Amma sarrafa siminti na fitar da wajen kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya, kuma kwaɓin firinta ya fi kankare na yau da kullum cin siminti nesa ba kusa ba tunda babu tsakuwar da za ta cike wuri. Wato an rage yawan kaya an ƙara ƙarfin kwaɓi, ribar na iya tafiya a nan in ba a yi lissafi ba. Shi ya sa ake ta gwada rage simintin da tokar gawayin tashar lantarki da gasasshen yumɓu da garin farar ƙasa, wasu ma sun koma ƙasa zalla, kamar gidan TECLA da kamfanin WASP da mai zanen gine-gine Mario Cucinella suka buga da ƙasar wajen kusa da Ravenna a Italiya a 2021, wanda in Bahaushe ya gani zai ce ai rumbu biyu ne aka haɗa.

Batun kuɗi kuwa, simintin shi ne mafi ƙanƙanta a lissafin. Abin da kake biya shi ne hannun mutum-mutumin, da famfo, da sinadaran da galibi a buhu ake sayo su a haɗe, da mai zanen da ya san abin da zai bugu da wanda zai zube, da mutum biyu ko uku da ke tsaye kan injin, ɗaya ido a kan kwaɓi ɗaya a kan baki, da gwajin da aka yi aka zubar kafin a samu na kirki, sannan motar ɗauka da ƙugiyar saukewa. In benci ɗari iri ɗaya kake so, mazubi ya fi arha kuma ya fi sumul, ko tantama babu. In guda ɗaya kake so wanda zai bi lanƙwasar wani lungu da babu irinsa, ko ashirin da kowanne sai ya bi gangaren ƙasa da tsayinsa daban, nan ne firinta ke cin kasuwa. Shi ma ɗin bayan injin ya tsaya sai wani ya zo da dutsen guga ya gyara baki, ya cike inda ya yage, ya zura ƙarfe ya ɗaure, ya shafa abin kariya, ya kuma wanke famfo da tiyo da sauri kafin abin da ya rage a ciki ya kama.